Tsumma a Bututun Fanka

A shekarun da rikici ya tsananta a Borno, wata yarinya ta baro garinsu tare da kakarta, Ya Kaka. Suka sauka a gidan kawunta da ke Ƙofar Ɗan Agundi, cikin birnin Kano. Mahaifinta ya ce zai biyo su. Har damina ta faɗi bai zo ba.

Gidan cike yake da yara, amma ita ba ta saba da kowa ba. In ta dawo daga makaranta, sai ta zauna a bakin zaure tana kallon hanya. Ya Kaka kaɗai ta rage mata, ita ma ga tari ya sa ta a gaba.

Banɗakin gidan ba shi da taga. Bango kullum a jiƙe, ga sanyi. Duk ranar da Ya Kaka ta yi wanka, sai tarin ya tashi.

Kawu ya kira Malam Tanko mai aikin lantarki. Ya zo da tsani da wani kwali.

"Wannan fanka ce mai hita," in ji shi. "Tana zuƙe tururi ta fitar waje, tana kuma ɗumama wurin."

Ya kafa ta a silin, saman shawa. Ya huda bango, ya zura bututu zuwa bayan gida. Makunnin kuwa a waje ya sa shi, don kada a taɓa da jiƙaƙƙen hannu.

Ya kunna. Wuuu! Yara suka hau tafi. Yarinyar kuwa gabanta ya faɗi. Irin wannan ƙarar ta ji a sama ranar da suka gudu, jirgi na shawagi, mutane na ihu. Ta shige ɗaki ta toshe kunnuwa. Ba wanda ya lura, abin tausayi.

A garinsu, in an fara harbi, tsumma ake cusawa a kafar taga don kada ƙanana su ji. Washegari yarinyar ta zagaya bayan gida, ta taka turmi, ta cusa tsohon ɗankwalinta cikin bututun.

Da hantsi Ya Kaka ta shiga wanka, aka kunna mata fankar. Zafi ya rasa mafita. Ba a jima ba ƙauri ya cika gida, aka ji tsohuwa tana tari ba ƙaƙƙautawa.

"Hayaƙi! Ku kashe wuta!" in ji Hasana, matar Kawu.

Aka fito da Ya Kaka tana numfashi da ƙyar. Yarinyar ta tsaya jikin bango.

Malam Tanko ya dawo, ya duba, ya zaro ɗankwalin. "Na wane ne wannan?"

"Nawa ne, Malam," in ji yarinyar, hawaye na zuba. "Ƙarar fankar irin ta jirgin garinmu ce."

Kawu ya durƙusa a gabanta. "'Yata, me ya hana ki faɗa mana?"

"Ban san wa zan faɗa wa ba, Kawu."

Ya Kaka ta jawo ta jikinta. "Ai da kin rasa ni yau. Tsoro ba laifi ba ne, ɓoye shi ne ya ja mana wannan."

Malam Tanko ya gyara fankar. Kafin ya mayar da murfin, ya nuna mata cikinta. "Kin gani? 'Yan fukafukai ne na roba, ba su kai tafin hannunki ba. Zo ki kunna da kanki."

Ta danna. Wuuu! Ta runtse ido, amma ba ta gudu ba, don Dije 'yar Kawu ta riƙe mata hannu.

Tarin Ya Kaka ya lafa. Yarinyar ta gane cewa in abu ya ba ka tsoro, ka faɗa wa manya, kada ka yi masa dabara a ɓoye.

Da la'asar ta fita bakin zaure kamar kullum. Sai ga Dije da dafaffiyar gyaɗa a kwano.

"Matsa mini," in ji Dije. "Daga yau tare za mu jira babanki."