Faretin da Aka Ɓoye a Cikin Fiyano

Ana yayyafi a birnin Liyon Sufeto Rouvier ya shiga gidan majigin Barnabé. An sace fim ɗin faretin soja, har da gwangwaninsa.

"Sabo ne fil, Yallaɓai!" in ji Barnabé.

"Sabo? To me amalanken masu yin mataji ke jira a ƙofarka?"

Barnabé ya sosa ƙeya, ya faɗi gaskiya. Fim ɗin ya tsufa, sojojin ciki sun dusashe kamar mutanen mafarki, yau za a kai shi a narkar a yi matajin kai.

Ba a fasa ƙofa ba, kuma bayan Barnabé mutum ɗaya ce ke da makulli: Madam Honorine, mai kaɗa fiyano idan hoto na tafiya, tunda shi hoton ba ya magana.

"Ni da ko ɗaga kai ba na yi," ta ce da Sufeto ya tambaye ta. "Kiɗana kawai na sani."

"To kaɗa mini, Madam, yadda kika saba."

Ya sa aka kunna fitilar majigi. Haske ya sauka kan farin ƙyalle, ba kowa a ciki sai ƙura na yawo. Ta fara taken sojoji, har Sufeto ya ji kamar yana ganin sahu-sahu suna wucewa. Can sai yatsunta suka yi sanyi, taken ya koma waƙar lallashin jariri. Ta ɗaga kai, ta yi wa ƙyallen murmushi.

Maɓallan gefen hagu kuwa ba sa fitar da sauti. Sufeto ya buɗe cikin fiyanon, ga gwangwani.

"Wa kike gani a daidai nan?"

"Ɗana Léonce," ta ce. "Kowa na kallon gaba, shi kaɗai ya waiwayo, don ya ji na kira shi. Zazzaɓi ya kashe shi a wurin yaƙi can ƙasar Tonkin, ko kabarinsa ban sani ba. Ni na ɗauka. Yallaɓai, da ɗana za a taje kai?"

Tausayinta ya kama Sufeto, amma aiki aiki ne. Ya miƙa mata mayafinta, kurtun ɗan sandan da ya rako shi ya wuce da ita ofis.

Barnabé ya miƙo hannu. "To, a ba ni kayana."

Sufeto ya maƙale gwangwanin a hammata.

"Wannan shaida ce. Mu kuwa ba ma narkar da shaida."