Kod ɗin Yaya Khalil

An ɗaura auren Raliya Maiwada da Issoufou Hamman ranar Asabar a Dungas. Uban amarya ya halarta, amma bai ci abinci ba.

Bara suka haɗu a Magariya, wajen horon masu rubuta kod, wato rubutun da ake gina manhaja da shi. Issoufou ɗan sa-kai ne a wata manhajar gano kurakurai. Aikinsa cire sassan da aka rubuta domin tsofaffin na'urorin da aka daina ƙerawa. Yana nuna wani sashe a allo, sai Raliya ta ɗaga hannu.

"Yayana Khalil ya rubuta wannan. Ga sunansa nan a sama."

"To ki ce ya zo ya gyara, kod ɗin ya ruɓe."

"Ya rasu. Hatsarin babur, hanyar Kwaya."

Da yamma ya turo mata saƙo: "Bakina ya riga hankalina. Ki yafe mini."

Ta amsa: "Na yafe bakin. Hannunka nake tsoro."

Kafin lokacin kaka, ya fara kiran ta "Malamata". Ita kuma "Mai Gatari" take ce masa, tun da fushi har ya koma wasa.

A ƙa'idar manhajar, ana barin sashe ne kawai in an gwada shi a kan na'ura mai aiki. Na'urar Khalil na ɗakinsa, lulluɓe da zane.

Malam Maiwada manomin gero ne, bai san kod ba, amma ya gane za a share sunan ɗansa. Ya sallami magabatan Issoufou da suka zo neman auren Raliya.

"Mai goge mamaci ba zai zama surukina ba," in ji shi.

Sadisu, ɗan ƙanensa mai gyaran salula, ya ce zai tada na'urar in za a ba shi Raliya. Ya haɗa na'urar da batir. Ta yi hayaƙi, ta mutu gaba ɗaya.

Issoufou ya rubuto: "Malamata, zan bar aikin, wani ya cire."

"A'a. In dole ne, hannun gida zai yi."

A gaban mahaifinta ta cire sashen. Sannan ta buɗe tarihin manhajar, inda duk abin da aka cire ke ajiye, ta nuna masa sunan.

"Baba, yana nan. Aiki ne ba zai ƙara yi ba."

Tsohon ya daɗe yana kallo.

"Kamar mai shi ke nan," ya ce. "Ki ce su dawo. Allah Ya ba ku zaman lafiya."

Washegarin biki saƙo ya shigo daga wani baƙo a wata ƙasa. Ya ce da kod ɗin Khalil yake aiki kullum, kuma sabuwar manhajar ta daina gane na'urarsa. Yana tambaya ko Khalil zai iya dubawa.

Raliya ta nuna wa mijinta. Har yau ba su amsa ba, kuma ba a gaya wa Malam Maiwada ba.