Ƙara Kaɗan

Haɗa dish aikin mutum biyu ne: ɗaya yana kan rufi yana juya farantin, ɗaya yana ɗaki yana kallon sigina yana faɗa masa. Shekara bakwai muna haka da abokin aikina, har munafukin ya fara janye min kwastomomi a ɓoye. Ranar da na gano, shi ke sama. Hoto ya fito tar, amma na ci gaba da ɗaga murya: "Juya! Ƙara kaɗan!" Na san duk juyi ɗaya sai ya ja da baya zuwa bakin rufin. Benen hawa biyu ne.

Tun daga ranar ni kaɗai nake aiki.

Daren nan bayan isha'i aka kira ni wani gida a ƙarshen layi. Mai gidan ya tarbe ni cikin duhu, wuyansa a karkace. Unguwar babu wuta, amma talabijin ɗinsa a kunne take, tana ta shuuu.

"Hau, malam," ya ce da shaƙaƙƙiyar murya. "Ni zan duba maka siginar."

Na kafa tsani na hau, na sassauta noti. Ƙarfen sanyi ƙalau. Na shafo wayar dish ɗin, na ji an naɗe ta da irin ɗaurin da mutum ɗaya tak na sani yana yi. Na waiga, babu tsani.

Sai muryar ta taso daga ɗaki, a washe yanzu, har da 'yar dariya:

"Juya, abokina. Ƙara kaɗan."