Salatef a Ƙofar A-kori-kura

Ƙarfe takwas da rabi na safe Kofur ya faɗo ofishin Sufeto ko sallama babu, hula a hannu.

"Ranka ya daɗe, za a kashe bakanike a gareji! Wai shi ya yi sanadin mutuwar wani dattijo."

Sufeto ya ture kofin shayinsa. Kafin su isa an riga an yi wa mutumin jina-jina. Baba Sufana ake ce masa, shekara talatin yana kwance inji a rumfarsa ta garejin, amma ran nan da ƙyar aka zare shi daga hannun mutane, ido ɗaya a rufe, leɓe a fashe. Wanda ya fi kowa ɗaga murya wani dogo ne, babban ɗan mamacin, wanda 'yan gidansu ke kira Yaya Babba.

"Shi ya kashe mana uba! Wallahi sai an ɗaure shi!"

"Yi a hankali," in ji Sufeto. "Faɗa min abin da ya faru."

Yaya Babba ya share hawaye da bayan hannu. Da sassafe, bayan ruwan sama ya ɗauke, mahaifinsu ya dafe ƙirji ya faɗi a tsakar gida. Suka saka shi a a-kori-kurar gidan, wadda suke ɗaukar kayan gona da ita, shi ya ja, mahaifiyarsu tana riƙe da kan tsohon. Saura kilomita biyu su kai asibiti inji ya yi wata irin ƙara ya buga, motar ta tsaya cik. Kafin a samu wata motar, rai ya yi halinsa.

"Kuma kwana uku kacal da wannan mutumin ya yi mata juyen mai! Ga shaida nan a jikin ƙofa."

Motar tana nan a bakin titi inda ta mutu. Sufeto ya buɗe ƙofar direba. A jikin ginshiƙin akwai farin salatef, an rubuta kwanan watan juye da biro, da lambar mai, 15W-40, da kuma kilomita 212,300. Ya leƙa mitar motar, tana nuna 212,410. Komai ya yi daidai, har Kofur ya girgiza kai ya ce, "Shi ke nan, tsohon nan ya shiga uku."

Sufeto ya ɗauki hoton salatef ɗin da wayarsa. Mutum ne da ba ya son abin da ya cika yin daidai.

A caji ofis aka ba Baba Sufana ruwa ya wanke fuska.

"Baba, yaushe ka yi wa motar nan juye?"

"Yallaɓai, wata tara ke nan rabona da ita. Marigayin abokina ne tun muna samari. Na ɗauka ya sauya gareji ne, kunya ta hana ni tambaya."

"To wannan fa?" Sufeto ya nuna masa hoton salatef ɗin a waya.

Tsohon ya kanne idonsa mai lafiya ya duba, sai ya yi salati.

"Irin salatef ɗina ne, amma ba hannuna ba ne. Ni ba na rubuta kilomitar ranar da na yi juye. Ta ranar da za a dawo nake rubutawa. Ina ƙara dubu biyar a kan abin da mita ta nuna, don motar da ke ɗaukar kaya a turɓaya ba ta jiran fiye da haka. Duk garejin nan an san ni da shi. Sannan kowace filtar mai da na ɗaura, sai na karce kwanan wata a jikinta da ƙusa. Ku je ku duba."

Suka koma wurin motar tare da injiniyan motocin 'yan sanda. Ya buɗe bonet, ya zaro gejin mai, ya tsaya yana kallonsa baki a sake. Man ba ya ɗiga, jan zare yake yi kamar robar da ta narke. Ya kai shi hanci, ya yi saurin kawar da kai.

"Subhanallahi! Yallaɓai, wannan ba man inji ba ne. Man giyabos ne aka tuttula a kan tsohon mai da ya riga ya zama kwalta. Ji warinsa, kamar ruɓaɓɓen ƙwai."

"Me ya bambanta su?"

"Kauri. Man inji dole ya yi gudu ya kai ko'ina da zarar an tayar da mota, musamman da sanyin safiya. Lambar da ke jikin galan abin da take faɗa ke nan. Wannan kuwa kafin ya rarrafa ya kai sama, ƙarfe ya gama cin ƙarfe. In kuma aka taka totur da ƙarfi inji bai yi zafi ba, ai an gama da shi."

Ya shiga ƙarƙashin motar. Notin da ake kwancewa a zubar da tsohon mai ya daskare da busasshen laka, ba a taɓa shi ba da daɗewa. A jikin filta kuwa ga karcen ƙusa, kwanan watan wata tara da suka wuce. Kofur ya dafe kai da hannu biyu.

Shagon mai guda ɗaya ne a layin gidan mamacin. Mai shagon yana ganin kaki ya fara gyara galan-galan da ba su karkace ba.

"Ka sayar wa wani daga gidan rasuwar nan man giyabos?" in ji Sufeto.

"Ni? Ban ma san su ba, yallaɓai."

"Ba ka san maƙwabtanka ba? To rufe shagon, sai ka tuna a ofis."

Nan take ya tuna. "Yaya Babba ne. Kwana uku da suka wuce ya ce motar tana ƙas-ƙas tana hayaƙi, yana son mai mafi kauri. Na ce masa don inji ne? Ya ce wani direba a tasha ya gaya masa mai kauri ya fi ƙarfi, yana kashe ƙara. Na rantse na hana shi, ya ce in ba shi kayansa kawai. Dama duk wata yakan sayi lita ɗaya ta man inji ya ƙara."

"Juye fa?"

"Ban taɓa ganin ya yi ba. Ƙari kawai."

Da rana Sufeto ya isa gidan rasuwar, ya sa aka taho da Baba Sufana a bayan mota. Mutane cike a ƙofar gida. Ya nemi a kira masa Yaya Babba da mahaifiyarsa zuwa ɗakin ajiya, inda Kofur ya riga ya zaƙulo galan ɗin man giyabos babu komai a ciki, da ragowar farin salatef a bayan buhunan taki.

"Mama, wa ke kai motar juye?"

"Shi ne," ta ce, muryarta a dishe. "Tun da ƙafar babansu ta fara ciwo ya miƙa masa makulli. Kullum sai ya tambaye shi, an kai wa Sufana? Ya ce an kai. Har fita yake yi da sanda ya duba rubutun ƙofa."

Sufeto ya juya ga Yaya Babba. "Salatef ɗin ya nuna kilomitar ranar juye. Baba Sufana ta ranar dawowa yake rubutawa. Wa ya rubuta wannan?"

"Ƙarya yake yi! Tsohon banza, so yake ya..."

Sufeto ya ajiye filtar a kan buhu, karcen ƙusa yana sama. Ya ajiye galan kusa da ita. Ya miƙa masa biro da takarda.

"Rubuta min dubu ɗari biyu da goma sha biyu da ɗari uku."

Yaya Babba ya karɓi biron, ya kasa ɗora shi a takarda. Gumi ya keto masa. Sai ya yar da biron, ya zube ƙasa.

"Ni ne. Ni na rubuta, har sau uku. Ranar da na kai masa motar ta ƙarshe, ya yi min faɗa a gaban mutane, wai ina tuƙi kamar mai gudun bashi, zan kashe injin ubana. Aka yi ta dariya. Na rantse ba zan sake taka garejinsa ba. Na ɗauka in dai geji ya nuna mai a cike, shi ke nan. Da ta fara ƙara na ji tsoro kada babanmu ya gane. Na zuba mai kaurin, ta yi shiru, na ce na huta." Ya fashe da kuka. "Da ta tsaya yau da safe, na san ni ne. Na kasa kallon Mama, sai na nuna shi."

Tabarmar kunya, da hauka ya naɗe ta, har ya kusa sa a kashe mutum na biyu a rana ɗaya.

Mahaifiyar ba ta yi kuka ba. Kallonsa kawai take yi kamar yau ta fara ganinsa.

"Kana tuƙi babanka yana ce maka ka yi a hankali da motar," ta ce. "Maganarsa ta ƙarshe ke nan."

Kofur ya saka masa ankwa, bisa ƙazafi da tunzura jama'a su yi duka. Da aka fito da shi ƙofar gida, waɗanda suka daki bakanike da safe duk suka sunkuyar da kai. Baba Sufana yana tsaye jikin motar 'yan sanda, ido a kumbure. Mahaifiyar ta zo gabansa za ta durƙusa, ya yi maza ya hana ta.

Ya dubi Yaya Babba, hawaye na bin gemunsa.

"Ɗana, aikin minti ashirin ne fa. Da ka turo min ita, ko gaishe ni ba sai ka yi ba."