Ango Mai Sanda

Ƙamshin burodi ne ke tada mutanen gidan nan, ba carar zakara ba. Tun kafin rana ta leƙo ta kan katanga Auta take kunna tanda a ɗan ɗakin da ke bayan kicin, inda ta jibge buhun fulawa da bokitin bota da tire-tirenta. Ran nan tana cikin kwaɓi, tana rera waƙar da za su yi a kwaya, ƙungiyar mawaƙan cocinsu, ranar Lahadi, sai ta ji tsayuwar motar Yaya a ƙofar gida. Yaya ba ya sammako sai da magana a bakinsa.

"Auta! Wanke hannu ki zo falo," in ji Mama.

Ta tarar da Mama a kujerarta ta gindin taga, Yaya kuma yana kaɗa makullin mota a yatsa. Shi ne babba, shi ne kuma uban gidan tun rasuwar Baba.

"Na je na ga likitan Dogo," ya ce. "Idon hagu ya tafi. Na dama kuwa haske da inuwa kawai zai riƙa gani."

"Na sani, Yaya. A gabana aka faɗa."

"To tunda kin sani, maganar aure a ajiye ta."

Dogo mai walda ne, shagonsa na bakin layi. Shi ya ƙera wa Auta tandarta, daga nan ya tsiri zuwa duba ƙofar tandar yau da gobe, har sai da Mama ta ce, "Yaro, ƙofar nan lafiyarta ƙalau, faɗi abin da ke kawo ka." Aka yi dariya, aka yi magana, aka tsayar da ranar aure. Ana cikin shiri ne dutsen injin yankan ƙarfe ya fashe ya watsar masa a fuska.

"Haba Yaya," Auta ta ce, "da ni ce wuta ta taɓa wa ido shi kuma ya gudu, me za ka kira shi?"

"Kada ki kawo mini lauyanci! Soyayya ba ta sayen sabulu. Ke za ki ja shi, ke za ki ciyar da shi, ke za ki tsufa kafin lokacinki. In kin nace, nemi wanda zai riƙe hannunki ya miƙa ki a coci, ba dai ni ba!"

Ta juya wurin Mama tana neman ceto. Mama ta kawar da kai ta ce a hankali, "Ban yarda ba, Auta."

Wannan ya fi duk faɗan Yaya zafi. Ta koma ɗakin burodi ta durƙusa a gefen buhun fulawa, ta yi kuka mai isarta. Da ta gaji ta ce, "Ya Ubangiji, ba zan yi wa Mama rashin kunya ba, ba kuma zan saki Dogo ba. Yadda waɗannan biyun za su zauna wuri ɗaya, ni ban gani ba. Kai ka gani." Ta share fuska da bayan hannu, ta tashi ta ci gaba da kwaɓinta, don masu shaguna ba sa sayen hawaye.

Da la'asar ta tafi gidan yayar Dogo, inda yake jinya. Ta same shi zaune a baranda da baƙin tabarau, sabuwar sanda jingine a gwiwarsa. Tun kafin ta yi sallama ya ce, "Fulawa da bota. Auta ce."

Ta faɗa masa komai, ba ta ɓoye ba.

"Yaya bai yi ƙarya ba," ya ce. "Ki je, Auta. Na sake ki da zuciya ɗaya. Ki samu mai ido biyu."

"Masu ido biyu nawa suka wuce ni a layin nan ba su gan ni ba? Filis, don Allah Dogo, kada ka ƙara mini wani ciwon."

Dariya ta kuɓuce masa, irin wadda ba ta ji ba tun ranar hatsarin. Sannan ya lalubo hannunta.

"A asibiti na yi fushi da Allah, ban ɓoye miki ba. Da fushin ya huce na ce masa, ka ɗauke hasken, to kada ka saki hannuna. Har yau dai ban ji ya saka ba. Amma ba za mu yi aure a bayan idon Mama ba."

"Za mu jira," ta ce. "Wanda Allah ya tsaya masa, wa zai kada shi?"

Jira kuwa suka yi, ba kuma mai daɗi ba ne. Gwaggonsu ta zo takanas ta yi wa Auta wankin babban bargo. Maƙwabta suka samu abin taɓawa da yamma. Har a kwaya wata ta ja ta gefe ta ce, "Sista, ki yi tunani fa." An rufe shagon walda, masu ba Dogo aiki suka koma wani wuri. Shi kuwa ya duƙufa koyon tafiya da sanda: daga baranda zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa bakin layi, har ya kai kansa coci. Ya sha karo da kwata da turken lantarki, in ya dawo ya ba da labarin ana dariya.

Ana nan sai Mama ta zame a banɗaki ta karye a idon sawu. Aka ɗaure ƙafar da filasta, aka ce ta zauna. Auta na yawon kai burodi shaguna da rana, Yaya na ofis, matarsa na fama da jariri. Gidan ya yi wa Mama faɗi.

Wani hantsi ta ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a tsakar gida.

"Salama alaikum. Mama, ina kwananku? Ya jiki?"

"Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa. Na ji an ce kuna zaune ku kaɗai, ni ma zaune nake ni kaɗai. Na ce zaman banza biyu gara a haɗa su wuri ɗaya."

"Tabɗi! Makaho zai yi jinyar gurguwa!"

"Ai haka ya fi, Mama. Ku ne ido, ni ne ƙafa."

Ta so ta kore shi, sai dai ƙishirwa ta dame ta tun safe. Ta ce ya miƙo mata ruwa a kan tebur. "Gaba kaɗan. Hagu. Hagunka, ba nawa ba! Kai, kai, kai!" Filas ɗin shayi ya yi ƙasa da ƙara.

"Sori, Mama. Ya mutu?"

Ta danne dariya, ta danne, har ta gagare ta.

Washegari ya dawo, jibi ma haka. Tana ba da umarni daga kujera, shi yana shanya wanki yana kwashewa. Ya lalubi gadonta da ke ƙara ya ɗaure kusoshin. Ita kuma, da ta lura ba ya iya karatu yanzu, ta shiga karanta masa Maganar Allah bayan sun ci abincin rana. Da aka cire filasta, kafaɗarsa ta dafa ta koyi takawa. Idan Auta ta dawo ta same su suna gardama a kan wanda ya fi wani taurin kai, sai ta wuce ɗakin burodi tana murmushi.

Can ma bai bar ta ba. Wata rana ya ce ta sa masa hannu a kwaɓin ya ji. Hannun da ya saba lanƙwasa ƙarfe, fulawa ba ta ba shi wahala ba. Ba a jima ba masu shaguna suka fara tambaya me aka ƙara wa burodin ya yi laushi haka.

Wata azahar Mama ta rufe karatu ta yi ajiyar zuciya.

"Dogo, kada ka ɗauka ƙinka nake yi. Shekaru na yi ina jinyar babansu. Ni ce wanka, ni ce ɗagawa, ni ce kwantarwa. Waɗanda suka cika coci ranar aurenmu, da ciwo ya yi nisa sai na neme su na rasa. Na san ɗacin abin nan. Ba na so 'yata ta lasa."

"Na gane, Mama. Amma ku yi haƙuri in yi tambaya. A shekarun nan, wa ya riƙe ku?"

"Ubangiji. Ban taɓa kwana da yunwa ba, ban kuma san ta yaya ba."

"Da an faɗa muku tun farko haka za ta kasance, da kun fasa auren Baba?"

Hawaye suka ciko mata. "Ko da wasa. A jinyar nan ma na fi sanin mutumin da na aura."

"To shi wanda ya riƙe ku ɗin, Mama, ya yi ritaya ne?"

"Kai, Dogo, bakinka!" Ta kai masa duka da mafici, tana kuka tana dariya. Da ta natsu ta ce, "Miƙo mini wayata, ɗana. Tana damanka."

Ta kira Yaya, ya iso da yamma. Mama ba ta yi kwana-kwana ba, ta ce ta sa wa auren albarka.

"Mama, goben fa? In yara suka zo? In ciwo ya zo?"

"Goben tana aljihunka? Kai da idonka biyu, ka hango abin da zai same ka jibi? Tsoro ne ya rufe mini ido, har na manta wanda ya raine ku lokacin da ba ni da kowa."

Yaya ya tashi ya fita. Sai da ya kai tsakar gida ya ji dim, dim daga ɗakin baya. Ya leƙa, ya ga Dogo ya naɗe hannun riga yana murza kwaɓi, gumi na zuba, Auta na shafa wa tire mai, suna waƙa murya biyu. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya tafi. Har ranar auren ba wanda ya san matsayinsa. Da safiyar ranar sai ga motarsa an wanke ta tas. Ya shigo ya ce, "Auta, yi sauri mana, za ki sa surukina jira!" Ta faɗa jikinsa tana kuka, har kwalliyar ta ɓaci aka sake wata.

Idon Dogo bai dawo ba. An yi addu'a, an koma asibiti, haske da inuwa ɗin dai su ne. Akwai lokutan da fulawa ta yi tsada, akwai ranakun da ya tashi da kewar hasken walda ya wuni ba walwala. Amma ba su kwana da yunwa ba, ba su kuma kwana da gaba ba. Sana'a ta bunƙasa har suka kama shago a bakin titi, Mama na zaune a gaba tana hira da masu saye. Haka Allah yake da masu dogara gare shi: ba kullum yake kawar da dutse daga hanya ba, amma ba ya barin nasa su hau su kaɗai. Mai haƙuri da iyaye, mai riƙe alkawari, ba ya jin kunya a ƙarshe.

Har yau in wata baƙuwa ta shigo shagon ta ga baƙin tabarau da sanda, takan ce cikin tausayi, "Wayyo, bawan Allah! Allah ya buɗe maka ido."

Dogo yakan yi murmushi ya ce, "Amin, Mama. Ko bai buɗe ba ma, ai bai bar ni ba. Mai zafi za a ba ku, ko wanda ya huce?"