Lasifikar da Ta Mutu Tun Bara

Mai gyara ya janyo ƙofar shagonsa ke nan bayan magariba, sai ga wata doguwar mace rungume da tsohuwar na'urar wasan bidiyo.

"Baba, duba min wannan."

"'Yar nan, na tashi. Autata na jirana a gida."

Ko gezau ba ta yi ba. Ya ja tsaki, ya jona na'urar da talabijin ɗinsa na gwaji. Ya san wasan, na Japan ne: wata mai fukafukai ce ke shawagi a sama, ta rufe ido ta saurari muryar wanda ajalinsa ya kusa, sannan ta sauko ta tafi da ransa fagen yaƙin alloli.

"Lafiyarta ƙalau," ya ce. "Kin ɓata min lokaci."

"Saurara dai."

Wani sanyi ya ratsa shagon, warin dalma ya ɗauke. A allo mai fukafukan ta rufe ido, sai muryar wani dattijo ta fito cikin haki: "Auta, kira min babarki, ƙirjina..."

Mai gyara ya ja da baya. Lasifikar talabijin ɗin nan ta mutu tun bara, da hannunsa ya cire ta. Kuma muryar tasa ce.

Ya sunkuyar da kai don kada su haɗa ido. Ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa, ga wani farin gashin tsuntsu na sauka a hankali kan takalminsa.

"Ba gyara na kawo ba, Baba," ta ce. "Je ka gida, Auta na jira. Ina tafe a bayanka."