Kwat Ɗin Marigayi Wilf

Da hantsin Asabar aka kira Sufeto Nerys Ackroyd zuwa lambunan haya da ke bayan layin dogo, a wani ƙaramin gari na Yorkshire. An fasa motar wasu 'yan wasan kwaikwayo masu yawo gari-gari, an kwashe kayan shigarsu an ƙona a gangar shara. Ga shi da yamma za su nuna wasansu kan rayuwar masu lambun, har an jera kujeru.

Shugabansu, Jasper Quill, na tsaye kan tokar yana huci.

"Kuna da abokin gaba a nan?" in ji Sufeto.

"Mu? Ai ƙaunarmu suke yi. Daga bakinsu na rubuta wasan."

Sufeto ta tona tokar da sanda. Warin kananzir ya taso, irin wanda masu lambu ke ɗumama ɗakin shuka da shi. Ta nufi shugaban kwamitinsu, tsoho Cedric Holroyd.

"Tun asuba kake nan, Baba. Wa ka gani?"

"Kabeji na gani, 'yar nan."

"Hayaƙi fa?"

"Mura nake yi."

Duk wanda ta tambaya, amsar ke nan. Kowa mura.

A bayan mota ta sami wata 'yar wasa tana tsince maɓallai daga toka.

"Ban ga na kwat ɗin ɓarawo ba," in ji ta. "Na tagulla ne, ba sa ƙonewa."

"Wane ɓarawo?"

"Na cikin wasan. Wani mashayi mai satar albasar maƙwabta don ya ci gasa. Nan ne mutane suka fi dariya. Wata tsohuwa ce ta ara mana kwat ɗin mijinta, Madam Sugden."

Madam Edna Sugden na zaune a ƙofar rumfarta da kofin shayi, sanye da kwat ɗin, hannuwansa sun rufe mata yatsu. Galan ɗin kananzir na gefenta, ko ɓoye shi ba ta yi ba.

"Kin daɗe, Sufeto. Shayinki ya huce."

"Ke kika ƙona?"

"Ni ce. Yaron nan Quill ya zauna nan, ya sha shayina, na ba shi labarin mijina Wilf ina kuka. Ya ce zai karrama shi. Makon jiya na bi su garin gaba don in gani. Ga kwat ɗin mijina a kan dandali yana tangaɗi, albasa na faɗowa daga aljihu, baƙi suna ƙyaƙyata dariya."

Quill, wanda ya biyo Sufeto, ya matso. "Madam, ai na canza sunan."

"Sunan ka canza. Ɗingishinsa fa? Tarinsa fa? Kowa a nan zai gane shi."

"Kin san dole in tafi da ke," in ji Sufeto.

"Na sani. Amma ki fara rubuta wannan: Wilf bai taɓa satar ko ganye ɗaya ba. Kuma gobe su ɗinka sababbi, in sake ƙonawa."

Ta miƙe, ta ture hannun wani ɗan sanda da ya zo zai riƙe ta, ta wuce gaba da kanta.

"Cedric, ka ba tumaturina ruwa!"

Cedric ya ɗaga mata hula. Sannan ya juya, shi da sauran masu lambun, suka soma naɗe kujerun suna mayarwa rumfa.